Yadda mai ɗauke da HIV zai bi da mura idan ta kama shi

Na sha ganin waɗanda ba su daɗe da fara shan maganin HIV ba suna faɗawa rami ɗaya. Mura ta kama su, jiki ya mutu, abinci ya ƙi shiga, sai su ajiye ƙwayarsu kwana uku wai sai sun ji sauƙi. To, ka sha maganinka a lokacin da ka saba, ko da a kwance kake. Wanda aka ɗora a kan Septrin, maganin kariya daga wasu cututtuka, shi ma kada ya tsaya.

Daga nan ka duba katinka ka ga adadin CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, na gwajin ƙarshe. Idan yana sama sosai kuma ƙwayar cutar ta kwanta a jini, yawanci murarka za ta bi hanyar ta kowa. Idan yana ƙasa da 200, ko ba a taɓa auna maka ba, ranar farko za ka nemi likita.

Kwana biyun farko su ne inda ake yin asara. Mura mai zuwa kwatsam da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi tana iya zama infuluwenza, maganinta kuma, oseltamivir, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48. Idan korona ce, maganinta, Paxlovid, cikin kwana 5 ake fara shi, kuma akwai ritonavir a ciki, wanda ba ya jituwa da magunguna da dama, don haka ka kai wa likita duk abin da kake sha, har da kwalinsa. Ni dokata ita ce a rubuta ranar da ciwon ya fara a takarda. Sau da yawa ana tambayar mutum yaushe ya fara, sai ya ce "an kwana biyu", alhali an yi sati.

Ka koyi ƙirga numfashi. Mai jinya ya ɗora hannu a ƙirjin marar lafiya yana hutawa, ya dubi agogo minti ɗaya cur, duk ɗagawar ƙirji ɗaya ce. Babban mutum da ya wuce 30 a minti, asibiti kai tsaye. Haka ma idan zafin jiki ya haura digiri 39, ko ya kasa tafiya sai an riƙe shi. Na taɓa ganin wanda ke hira lafiya lau a zaune, amma daga gado zuwa bakin ƙofa sai da ya dafa bango yana haki. Busasshen tari da irin wannan haki, a jikin mai ƙarancin CD4, alama ce ta nimoniyar da ake kira PCP, wadda maganin mura ba ya taɓawa.

Kada ka saya wa kanka antibayotik. Ba ya kashe bairos, irin ƙwayar cutar da ke kawo mura, kuɗinka kawai za ka zubar, wasu ma suna rufe alamun tarin TB su jinkirta gano shi. Ga mai HIV, tari ko na kwana nawa ne, ko zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ya isa a gwada majinarsa. TB ce ta fi kashe masu wannan cuta a duniya. Ka kuma lura da murar da ta lafa sannan zazzaɓi ya dawo da majina mai kauri, bakteriya ce ta biyo baya, nan ne likita zai rubuta antibayotik.

Sauran kuwa sananne ne: ruwa da yawa, hutu, farasitamol, takunkumi idan akwai mutane a ɗaki. Mai shan dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan HIV, ya raba shi da maganin ƙwannafi ko ƙwayar ƙarin jini, ya sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Idan ka warke ka nemi rigakafin infuluwenza na shekara-shekara, na allura, ban da wanda ake fesawa a hanci, domin shi ƙwayar cikinsa mai rai ce.