Yadda Ake Tarar Alherin Allah a Kan Gadon Ciwo: Abin da Sikila Ta Koya Mini

Shekarata 38, kuma tun ina goye nake da sikila. A ƙauyenmu can wajen Malumfashi amosani ake ce mata, sai da hannuwana da ƙafafuna suka yi ta kumburi aka kai ni asibiti, aka auna jinina aka ce SS ne, wato nau'in jinin mai sikila. Yau ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare, ina kuma buga tulu a Zumuntar Mata. Ban warke ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya bi ni har ƙarshe yana jiran shaidar warkarwa. Abin da nake da shi 'yan dabaru ne da na tsinta a kwance, ga mai so.

Da farko, ka daina tonon laifin da ya jawo maka ciwon. Mahaifiyata ta yi shekaru tana kuka a ɓoye, don dangi sun ce mata alhakin tsafin gida ne ya kama mu, tunda kakana ya bar shi ya bi Almasihu. Alhali maganar ba ta wuce gado ba: ita AS, Baba AS, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba su da ciwon, kuma idan irin waɗannan suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A Yohanna 9 almajirai sun yi wa Yesu irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, wai zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa. Yesu ya ce ba na kowa ba ne. Idan akwai zunubin da ka sani, ka furta shi ka karɓi gafara. Amma kada ka kwana kana laluben wanda babu.

Sai addu'a. Ka yi ta da bakin da kake da shi a lokacin, ba irin ta gaban jama'a ranar Lahadi ba. Duk mai sikila ya san ƙarfe biyun dare, sa'ad da ƙashi ke yi kamar ana daka shi a turmi. A wannan lokaci ba na iya buɗe Littafi Mai Tsarki, ba na ma iya haɗa jimla. Don haka shiri tun ana lafiya ake yinsa. Ka haddace addu'a ɗaya gajeriya. Tawa ita ce ta makaho Bartimawas, wanda ya yi ta kiran Yesu Ɗan Dawuda ya ji tausayinsa. Numfashi ɗaya take ci. Na kuma sa ƙanena ya karanta mini Zabura kamar goma na ɗauka a waya, in ciwo ya tashi sai in kunna in ajiye kusa da kunne.

Kada ka zaɓi masu daɗin ji kaɗai. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyun farko. Zabura 88 kuwa ta fi ƙarfin wasu masu wa'azi, domin da duhu ta ƙare, babu ko ayar yabo a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Ranar da na gane haka na daina jin kunyar yi masa kuka. In ma magana ta gagara gaba ɗaya, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki ba ya iya furtawa. Nishin nan naka ya isa.

Yanzu ga inda zan daɗe, don nan ne na kusa rasa raina. Ka sha maganinka, ka sha ruwa. Ina da shekara 24 wani mai wa'azi baƙo ya zo taron farkawa, ya ɗora mini hannu, ya ce na warke, in zubar da ƙwayoyina in shiga azumin kwana uku ba ci ba sha don in nuna bangaskiya. Watan Janairu ne, hunturu na kaɗawa. Na yi yadda ya ce. A rana ta biyu aka kwashe ni ranga-ranga, na yi kwana tara a asibiti, aka ƙara mini jini leda biyu. Shi kuwa tuni ya wuce wani gari.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne kawai, kuma takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro su ne manyan masu tayar da ita. Na haɗa biyu daga cikinsu da hannuna na kira shi bangaskiya. Littafi Mai Tsarki bai koya mini haka ba. Sa'ad da Allah ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, annabi Ishaya ne ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya bar Tarofimas kwance a Militas, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa. Abokin tafiyarsa Luka likita ne. To, in ikilisiya ta sa azumi, ka je wurin fasto ka gaya masa halin jikinka, ka tambayi likitanka ma. Ni nawa azumin yanzu na waya ne da nama, gorar ruwana kuwa tana gefena har cikin sujada. Nakan yi godiya a kan folik asid ɗina kamar yadda nake yi a kan tuwo.

Abu na gaba ya fi shan magani wuya: ka bari a ɗauke ka. Mu an raine mu da "da sauƙi". Ana ce maka ya jiki, kana mutuwa ma sai ka ce da sauƙi. Gaisuwa ce mai kyau, amma ka ware mutum uku ko huɗu waɗanda za ka gaya wa gaskiya. Shanyayyen nan na Kafarnahum mutum huɗu ne suka ɗauko shi har suka fasa rufin ɗaki, Markus kuma ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Akwai ranakun da tawa ta ƙare ƙaf, ta wasu ce ta riƙe ni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka faɗi ainihin abin da kake bukata: wanda zai kwana da kai, kunu, kuɗin mota, wanda zai ɗauko yara daga makaranta. A bayan katina na asibiti akwai lambobin matasa uku na ikilisiyarmu masu jini AA, wato marasa gadon sikila, da rukuninsu ya dace da nawa, don in an bukaci ƙarin jini. Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai. Lura, kai ne za ka kira. In ka daɗe ba ka je sujada ba, ka roƙa a kawo maka Jibin Ubangiji gida.

Masu zuwa dubiya kuma, don Allah ku rage bayani. Abokan Ayuba sun kyauta kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Har yau ina roƙon warkarwa, ban daina ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Na daɗe ina jin haushin wannan aya, sai da na lura alherin yana zuwa ne kamar manna a jeji: na yini guda, wanda ya ajiye na gobe ya tarar da tsutsa. Idan na zauna lissafin shekara goma masu zuwa, ko ƙuguna zai kai, wa zai kula da ni, ba na ganin komai sai tsoro. Don haka na sayi littafin rubutu irin na ɗalibaina, kowane dare in rubuta abu uku da Allah ya ba ni a yinin. Ka gwada na mako biyu, kuma kada ka rubuta manyan kalmomi, abin da ya faru za ka rubuta.

Ga na daren Talatar da ta wuce, ina kwance ana mini ƙarin ruwa. Nas ta sami jijiya a karo na farko. Maƙwabciyata Musulma ta aiko 'yarta da kunun gyada mai zafi. Na yi barcin awa uku a jere.