Yadda ake haɗa bargo da guntayen atamfa

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin Disamba ko Janairu ya san bargo ɗaya baya isa, sanyin asuba har ƙashi yake shiga, ga bargon kanti yanzu kuɗinsa sai a hankali. Toh su kuma teloli kullum sharar ƙyallaye suke yi suna zubarwa, wasu ma ƙonawa suke. Da waɗannan ƙyallayen za ki haɗa bargo mai nauyi, kuma ba sai kin ƙware a ɗinki ba, in dai kin iya tafiyar da keke a miƙe shikenan.

Ki fara da tara ƙyallen. Lokacin da ya fi shine bayan Sallah ko Kirsimeti, lokacin shagunan teloli sun cika da ragowa, ki je wajen telanki ko na layin Taminus ki roƙa a tara miki a buhu. Amma fa ki zaɓa. Atamfa da shadda da yadin maza na auduga su ake so. Leshi da duk wani yadi mai santsi ko mai talewa kamar roba ki ajiye shi gefe, in kika haɗa shi da atamfa ɗinkin tattarewa zai yi ya ɓata miki aiki.

Ki wanke su kafin ki sa almakashi, wannan kam kar ki tsallake shi dan Allah. Wata atamfar tana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu, wata kuma tsukewa take in ta sha ruwa, gara ta yi duk abin da za ta yi tun yanzu. Masu zuba sosai a cire su. In sun bushe ki goge.

Sai yanka. Ki samu kwali mai kauri ki yanka shi murabba'i, inci 7 kowane gefe, shi za ki dinga ɗorawa a kan ƙyalle ki zana da alli ki yanka. Rabin inci ta kowane gefe zai tafi a ɗinki, kinga kowane guntu zai koma inci 6 kenan. Bargon yaro guntu 48 ya isa, 6 a faɗi 8 a tsawo. Na babban gado mai ƙafa shida shida kuwa sai 14 sau 14, wato 196, don ya ɗan sauko ta gefe. Ni dai shawarata a fara da na yaro, babba yana cin lokaci kuma da yawa a hanya suke gajiya su cusa shi ƙarƙashin gado.

Kafin ki hau keke ki share tsakar ɗaki ki jera guntayen a ƙasa yadda kike so su fito, mai haske kusa da mai duhu, kar kala ɗaya ta taru waje guda. Ki ɗauki hoto da waya, don yara na shigowa sun wargaza.

Ɗinkin layi layi ake yi. Ki haɗa guntu biyu fuska da fuska ki ɗinke gefe ɗaya, ki ƙara na uku, haka har layin ya ƙare. Duk layin da kika gama ki goge bakin ɗinkin ya kwanta, na layin farko ya kalli dama, na biyu hagu, ta haka in kin zo haɗa layukan mahaɗar ba za ta yi tudu ba. Ki sa fil a kowace mahaɗa kafin ki ɗinka, nan ne ake gane aikin da aka yi da natsuwa.

Yanzu saura ciki da baya. Na ciki tsohon bargo mara nauyi sosai ya isa, ko ki leƙa gwanjo a kasuwar Katako, ko ki sayi fayiba, wato audugar roba. Baya kuma zanin gado, in atamfa ce kuma bargon na babban gado ne sai kin haɗa fale biyu don faɗinta bai kai ba. Ki shimfiɗa bayan fuskarsa na kallon ƙasa, bargo a tsakiya, haɗin ƙyallenki a sama, ki ja su su miƙe ki kama da fil ko dogon ɗinkin hannu.

Ki sa allura lamba 16 ki bi layukan ɗinkin, daga tsakiya zuwa baki, in kika fara daga baki tsakiyar kumbura za ta yi. In kekenki ba zai ɗauki kaurin ba ki sa zaren saƙa a babbar allura ki ƙulla a kowace mahaɗa, yana riƙewa sosai.

Daga nan ki datse gefen ya daidaita, ki yanka dogon ƙyalle mai faɗin inci 3, kala ɗaya ya fi kyau, ki naɗe bakin da shi ki ɗinke zagaye. Wankinsa da ruwan sanyi, a shanya a inuwa don kar kalar ta koɗe.