Kafin ka biya kuɗin shigar da ƙara, ka tabbata kotun tana da hurumi

Wani kawuna a Gombe ya yi shekara uku yana zirga-zirga kotun yanki kan wani fili a cikin gari, shaidu sun zo, mai unguwa ya zo, alƙali ya je har wurin ya ga iyaka da idonsa, aka ba kawu gaskiya har muka yi walima. Ɗaya ɓangaren suka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, lauyansu ko maganar waye mai filin bai taɓa ba, cewa kawai ya yi filin nan yana da takardar mallaka ta gwamna, kuma sashe na 39 na dokar filaye ta 1978 ya ce Babbar Kotu kaɗai ke jin irin wannan. Shikenan fa, aka rushe komai kamar ba a taɓa zama ba. Kawu ya ce wa lauyanmu "to Barista gaskiyar tawa fa?" ya ce "Alhaji tana nan, ƙofar da ka shigo da ita ce ba daidai ba."

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane. Kotun yanki a Gombe ko kotun shari'a a Bauchi ta fi kusa, kuɗinta ba yawa, da Hausa ake magana, sai kowa ya nufi can da kowace irin rigima. Aure, saki, gado, riƙon yara, gonar ƙauye, babu laifi. Amma in fili ne a gari mai takardar gwamna ka wuce Babbar Kotu tun farko. Kuma wurin da filin yake nan ake shari'arsa, gona tana Alkaleri a Jihar Bauchi ba za ka kai ƙara Gombe ba don kawai nan kake zaune.

Sai masu cewa ai mu biyun mun yarda wannan alƙalin ya raba mu. Yardarku ba ta ba kotu ikon da doka ba ta ba ta ba, ko kun sa hannu kun dangwala. Abin haushin ma wanda ya yi shiru a kotun farko shi ne zai tada maganar in ya sha kaye, kuma doka ta ba shi dama ko da an kai Kotun Ƙoli ne. Tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 ake kan haka, in babu hurumi duk kyan shari'ar aikin banza ne.

Ma'aikata ma suna faɗawa. An kore ka ko an riƙe maka albashi ko fansho, sai ka ruga Babbar Kotun Jiha don sunanta babba. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 sashe na 254C ya mayar da rigimar aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Harkar kwastan, harajin tarayya, rikicin tafiyar da kamfani kuwa sashe na 251 ya ba Babbar Kotun Tarayya. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai ka rubuta musu notis ka jira kafin ka kai su ƙara, in ka tsallake lauyansu da shi zai fara gaishe ka.

Yanzu maganar sammaci, wadda ni a ganina an fi raina ta. Kotu ba ta da iko kan mutum sai an sanar da shi yadda doka ta ce. Ba wai ka miƙa wa yaron shagonsa ba, ko ka ɗauki hoto ka tura masa ta WhatsApp ka ce ai ya gani ya yi shuɗi. Ma'aikacin kotu ne zai kai masa hannu da hannu ya dawo ya rubuta shaida a fayil. In mutumin yana wasan ɓuya, kullum a ce ya tafi Kumo ko ya tafi Azare, sai ka koma ka roƙi alƙali izinin liƙa masa a ƙofar gida, izinin ne farko sannan liƙawa. In kuma a wata jiha yake, misali ɗan Kantin Kwari ya cinye maka kuɗin atamfa ka shigar a Babbar Kotun Gombe, dole a rubuta a jikin takardar cewa a Kano za a kai ta, a kuma ba shi aƙalla kwana 30. Kafin ma nan ka tambayi lauya ko Gomben na da hurumi, don yawanci ana duba inda wanda ake ƙara yake zaune ko inda aka ce za a cika cinikin.

Kai kuma da aka kawo wa sammaci, kar ka ce kotun nan ba ta isa ba ka jefa takarda ƙarƙashin katifa, za a iya yanke hukunci a bayanka sai dai ka ga an zo kwashe kaya. Ka je, kuma in kuskuren a wajen kawo sammacin ne ka faɗa tun zaman farko, don in ka shiga shari'a ka yi ta kare kanka ana iya ɗauka ka yafe.

Kawu dai ya sake shigarwa a Babbar Kotu, biyu daga cikin shaidunsa sun rasu kafin a kira su.