Darasi Na Tara: Riƙon Waya A Cikin Jama'a

Kusan kowa a ajin nan yana da waya, ko jawwal kamar yadda bakinmu ya saba a nan Saudiyya. Da ita ake duba iƙama, wato takardar izinin zama, a manhajar gwamnati ta Absher, da ita ake neman izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, da ita mai gida ke neman ma'aikacinsa, da ita kuma muke jin lafiyar dangi a Kano, Damagaram ko Mai Wurno ta Sudan. Babu mai cewa a ajiye ta. Abin da za mu koya yau shi ne yadda mutum zai sa wayarsa ta yi shiru da hannunsa, a wurin da ake bukatar shiru, ba sai ya jira yaro ya dawo daga makaranta ya taɓa masa ba.

Yawancin waɗanda wayarsu ke ƙara a masallaci mutanen kirki ne masu kunya. Abin da ya hana su gyarawa shi ne rubutun cikin wayar na Larabci ne ko Turanci, kuma suna tsoron su danna wani wuri su ɓata ta. Wannan tsoron ne za mu cire.

Masallaci

An daidaita sahu, liman ya yi kabbara, ya fara Fatiha. Sai waƙa ta tashi daga aljihun wani a sahu na biyu. Mai wayar ya sunkuyar da kai, gumi na keto masa, hannuwansa ba su motsa ba. Wayar ta yi ta kuka har ta katse, mai kiran ya sake kira. Kafin a yi sallama, mutum hamsin sun rasa natsuwarsu, shi kansa bai san abin da liman ya karanta ba.

Me ya hana shi kashewa? Yana ganin in ya sa hannu a aljihu sallarsa ta ɓaci. Ba haka ba ne. Malamai sun yi bayani cewa ɗan motsi kaɗan don wata bukata ba ya ɓata salla. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. To ina ga danna maɓalli ɗaya don a sauƙaƙa wa jama'a? Ba ma sai ka fito da wayar ba. A gefenta akwai maɓallin ƙara murya da na rage murya. In kira ya shigo, ka lalubo ɗaya daga cikinsu ta bayan riga ka danna sau ɗaya, ƙarar za ta ɗauke nan take, kiran kuma bai katse ba. Ku gwada wannan yanzu, kowa ya kira na kusa da shi.

Amma gara tun farko a hana ƙarar fitowa. Ga dabara mai sauƙin riƙewa: wurin da ka tuɓe takalmi, nan za ka rufe bakin waya. Takalmi ba ya shiga masallaci a ƙafa, ƙarar waya ma kada ta shiga. In ka haɗa su biyun a ranka, bayan ɗan lokaci hannunka ne zai riƙa tuna maka.

Wasu sukan ce ai tasu ba waƙa ba ce, karatun Alƙur'ani suka sa ko kiran salla. Niyyar mai kyau ce, amma a duba. Kana ɗaga kira ka yanke aya a tsakiya, wani lokaci ma wayar ta yi ƙara kana banɗaki. Saboda irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta hana sa ayoyin Alƙur'ani a matsayin ƙarar kira a shekarar 2007. Sannan ko karatu na gaskiya ma, an hana a dami mai salla da shi. Abu Sa'idil Khudri ya ruwaito cewa Annabi yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya gaya musu cewa kowannensu yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada sashe ya cutar da sashe. A kula kuma da manhajar kiran salla da ke cikin waya. Sau da yawa lokacinta yakan saɓa wa na masallaci, sai a ji ladan na biyu ya tashi daga aljihu ana tsakiyar raka'a.

Akwai wani dalili da ya shafe mu mu 'yan Afirka musamman. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa 2, yana gaba da na Sudan da awa 1. In ƙarfe 6 na yamma ta yi a Makka, wajen lokacin Magariba ke nan, a Kano ƙarfe 4 ne, an idar da La'asar, mutane sun samu sararin kiran 'yan uwa. Ba su san kana cikin sahu ba. Ka faɗa musu lokacin da ya dace su neme ka, da agogonsu.

Alamomi huɗu

Ka sa yatsa a can saman fuskar waya ka ja ƙasa. Wasu 'yan hotuna za su fito a jere. Ko ba ka iya karanta rubutun ba, hoton ya ishe ka. Wanda kuma ya yi karatun allo zai ga haruffan ba baƙi ba ne a wurinsa.

Ta farko hoton ƙararrawa ce ko lasifika da aka ja wa layi. Sunanta صامت, wato shiru. Kira zai shigo, fuskar waya za ta yi haske, amma babu ƙara.

Ta biyu ita ce اهتزاز, wato girgiza. Wayar za ta riƙa rawa a jikinka. Tana da kyau a kasuwa da cikin mota. A masallaci kuwa, in ka ajiye ta a kan tayil ko kusa da kan mai sujada, gurnaninta ma damuwa ne.

Ta uku ita ce ta fi amfani, ita ce kuma mutane suka fi jahilta. Sunanta عدم الإزعاج, ma'ana kada a dame ni. A iPhone hoton jinjirin wata ne, a yawancin sauran wayoyi da'ira ce mai gajeren layi a tsakiya. Tana tsare kira da saƙonni duka, amma kai ne za ka zaɓi wanda za ta bari ya wuce. Mai jinya a gida zai iya barin lambar matarsa kaɗai. Direba zai iya barin ta mai gidansa. Ana kuma iya sa mata lokaci, ta kunna kanta ta kashe kanta, misali kowace Juma'a daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 1 da rabi. Da wannan an huta da uzurin nan na "ina jiran kira mai muhimmanci".

Ta huɗu hoton jirgin sama ce, وضع الطيران. Ita tana yanke layi gaba ɗaya, babu kira babu intanet, har sai ka sake danna ta. Ita ake cewa a sa in jirgi zai tashi, kuma tana rage cin batir.

Mai ƙaramar waya mai madanni shi ma ba a bar shi a baya ba. A yawancinsu, in ka danne alamar # ka riƙe kaɗan, wayar za ta koma shiru, in ka sake dannewa ta dawo. Gargaɗi ɗaya: agogon tashi daga barci ba ya bin dokar shiru a mafi yawan wayoyi. Wanda ya saita shi don Asuba, ya kashe shi kafin ya fita masallaci.

Wasu kan ba da shawarar a kafa na'urar da ke toshe layi a masallatai da asibitoci. Ni ban goyi bayan haka ba. Na'urar ba ta san bambancin mai hira da mai neman motar asibiti a 997 ba, kowa take toshewa, har maƙwabta.

Harami da ɗaukar hoto

Mu da Allah ya zaunar kusa da ɗakinsa, mu ya kamata baƙi su koya daga gare mu. Duk wanda ya yi ɗawafi ya ga mai tsayawa cik a tsakiyar mutane, ya ɗaga waya sama yana kiran bidiyo, yana ce wa na gida su ga Ka'aba. Son da yake wa iyalinsa ne ya sa shi, babu shakka. Sai dai a bayansa akwai tsohuwa da ake turawa a keke, akwai mai rauni da ake dannewa saboda tsayuwarsa. Ka kammala zagayenka bakwai, ka yi raka'a biyu, ka koma gefe inda babu cunkoso, sannan ka kira su da murya ƙasa-ƙasa.

Maganar hoto kuwa ta wuce ladabi, ta shiga doka. Dokar kyautata ɗabi'a a bainar jama'a da ta fara aiki a 2019 ta sa tarar riyal 1,000 a kan ɗaukar hoton mutane ko na hatsarin mota ba tare da izini ba, in an maimaita a ninka. Haka ma kunna kiɗa a lokacin salla. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta fi tsanani: wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 1, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun. Mata sun san yadda a bukukuwa da yawa ake karɓar waya mai kyamara a ƙofar ɓangarensu. Kada a ji haushi, mutuncin matan da suka cire abaya ake karewa. Direbobi kuma su sani, riƙe waya ana tuƙi tararsa riyal 500 zuwa 900 ce, kuma kyamarorin Saher suna kamawa.

Asibiti, mota da jirgin ƙasa

Gaisuwarmu doguwa ce, kuma abin alfahari ce. Sai an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi zafi, kafin a zo ga magana. Amma a ɗakin jira na asibiti, ko a cikin jirgin Haramain tsakanin Makka da Madina, na kusa da kai ba shi da wurin gudu. Kada ka buɗe sifika. Saƙon murya na WhatsApp, in ka kunna ka kara wayar a kunne, kai kaɗai za ka ji. Mai son wa'azi ko labarai ya sayi samma'a ta kunne, ba ta da tsada. Luƙman ya yi wa ɗansa wasiyya da ya sassauta muryarsa, tana nan a aya ta 19 ta surarsa.

Kada kuma ka ɗauka babu mai jin Hausa. A Makka masu jinta sun fi yadda kake zato, daga Shara Mansur har bakin Harami. Kuɗin da ka aika gida, ciwon matarka, rigimar gado, duk ba na kunnen fasinja ba ne. Lambar sirri da banki ko Absher ke turowa kuwa, kada ka karanta wa kowa ita, a fili ko a ɓoye, ko da mai kiran ya ce daga banki yake.

Karatu

A samu mutum biyu su karanta wannan a bayyane. An idar da salla, wani saurayi ya jira har mutane suka ragu, sannan ya matsa kusa da dattijon da wayarsa ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da yamma."

"Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ga abin kunyar da wayar nan ta ja mini ko?"

"Ba komai, Baba, yana faruwa da kowa. In kun yarda, in nuna muku wani wuri a jikinta."

"Nuna mini, don Allah. Yaran ne suka saita, ni ban san kanta ba."

"Ku ja nan ƙasa. Kun ga ƙararrawar nan? Ku taɓa ta da kanku."

"Ga shi an ja mata layi."

"Shi ke nan, ta yi shiru. In kun fito, ku sake taɓawa."

"Allah ya yi maka albarka, ya raya zuriya."

Ku lura, saurayin bai yi magana a gaban jama'a ba, bai kuma karɓi wayar daga hannun dattijon ba.

Aikin yi

1. Zana alamomin nan huɗu a littafinka, ka rubuta sunan kowace da Hausa a ƙarƙashinta.
2. In ƙarfe 8 na dare ta yi a Madina, ƙarfe nawa ne a Sakkwato? Ƙarfe nawa ne a Wad Madani ta Sudan?
3. Kwafi wannan saƙo, ka ajiye shi a wayarka don aikawa maimakon ɗaga kira: "Ina masallaci. Zan kira ka in na fito."
4. Rubuta sunan mutum biyu da kake so kiransu ya riƙa wucewa ko wayarka tana kan jinjirin wata. Ka zo da wayar da cajinta a darasi na gaba, za mu saita su tare, lamba bayan lamba.