Darasi: Kula da Shafin Sana'a a Intanet

Duk shafin intanet yana tsaye ne a kan abubuwa biyu, kuma kowanne da kuɗinsa daban. Na farko shi ne sunan shafin, wanda masu aikin ke kira domen, wato adireshin da mutum zai rubuta ya same ku. Na biyu shi ne masauki: kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana, inda rubutunku da hotunanku suke ajiye. Duka biyun haya ne, kamar rumfar kasuwa. In wa'adi ya cika ba a biya ba, sai a rufe, daga baya a ba wani.

Sunan wa ke kan rajista?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a darasin nan. Yawancin masu ƙananan sana'o'i suna ba wani yaro mai ilimin kwamfuta kuɗi ne ya gina musu shafi. Ba laifi. Matsalar ita ce sau da yawa yakan yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambar wayarsa, don ya fi masa sauƙi. A wajen kamfanin da ya sayar da sunan, wanda ke kan rajista shi ne mai shi. Ranar da kuka saɓa, ko ya tafi karatu ya canza layi, ba ku da ta cewa, ko da ku kuka biya.

Don haka ku zauna tare da shi lokacin rajistar. A sa sunanku, imel ɗinku, da layin da kuke amfani da shi kullum. Ku karɓi bayanan shiga guda uku: na kamfanin da ya sayar da sunan, na masauki, da na cikin shafin kansa. Ku rubuta su a littafi, ku adana inda kuke ajiye takardun fili. In shafin ya riga ya kasance da sunan wani, ku nemi ya mayar da shi sunanku tun kuna shiri da juna.

Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng na Najeriya ne, hukumar NiRA ce ke kula da su, kuma ana sayen su ta hannun kamfanonin da ta amince da su, a biya da naira. Na Nijar suna ƙarewa da .ne. Shi kuwa .com asalin farashinsa da dala ne, shi ya sa kuɗin sabunta shi ke hawa idan dala ta tashi.

Ana biyan kuɗin suna shekara-shekara. Kamfanin zai aiko da tunatarwa ta imel, ga .com wajen wata guda kafin ranar, sannan saura mako guda. Amma imel ɗin da ba a buɗewa ba ya tunatar da kowa. Ku sa ranar a kalandar wayarku, ta yi ƙara saura kwana 30. In ranar ta wuce, shafin zai ɗauke, imel ɗin da ke ɗauke da sunan shafin ma ya tsaya. Akwai ɗan lokacin da za a iya sabuntawa a farashin da aka saba, bayansa sunan .com yana shiga kwana 30 na fansa, inda kuɗin ke ninkawa sosai. Daga nan sai a sake shi, kowa na iya saye. Kada ku dogara kacokan ga cire kuɗi kai tsaye daga katin banki, domin kati yana ƙarewa, wani lokaci kuma banki ya ƙi biyan kuɗin waje.

Ajiye kwafi

Shafin da aka gina da WordPress, manhajar gina shafuka, kashi biyu ne: fayiloli, wato hotuna da fasalin shafin, da kuma rumbun bayanai, inda rubutu da farashi da sunayen masu shiga suke. Kwafin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba zai dawo da shafi ba. Akwai ƙarin manhaja mai suna UpdraftPlus da ke ɗaukar duka biyun ta aika Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. A saita ta ta riƙa yi kowane mako, ko kullum in ana sayayya a shafin. Kwafin da aka bari a cikin masaukin kaɗai ba ajiya ba ne: in masaukin ya samu matsala, tare za su tafi.

Sai kun ɗauki kwafi sannan ku danna sabunta manhaja. Ku sabunta ƙananan manhajojin da aka ƙara wa shafin, irin su UpdraftPlus, ɗaya bayan ɗaya, kuna buɗe shafin bayan kowace. In fuskar ta koma fara fat, ko lamba 500 ta fito, kun san wadda ta jawo. A shiga masauki ta cPanel, wato shafin sarrafa masauki, a buɗe jakar wp-content, sannan jakar plugins da ke cikinta, a sami jakar wannan manhaja a canza mata suna. WordPress zai kashe ta, shafin ya dawo. Barin sabuntawa gaba ɗaya don tsoron haka ya fi haɗari, domin ta tsofaffin manhajoji 'yan kutse suka fi shiga. Wadda ba ku amfani da ita, ku goge ta. Waɗanda ake rabawa kyauta a zaurukan WhatsApp da Telegram, alhali na kuɗi ne, ku guje su, galibi da guba a ciki.

Kalmar sirri kuma kada ta zama lambar waya ko shekarar haihuwa. Ku haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, ku sa lamba a tsakani, kuma kowane waje da tasa. Kada sunan shiga ya zama admin, shi ake fara gwadawa. Ku kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato lambar sirri da ake turowa waya bayan an sa kalmar sirri, a imel ɗinku kafin komai, saboda duk wanda ya kama imel ɗin zai iya canza sauran. Layin da ke karɓar lambar sirrin kada a bar shi ya daɗe a aljihun tebur, kamfanin waya na iya ba wani.

Nauyin hoto

Masu ziyartarku kusan duka da waya suke shigowa, da datar da suka saya da kuɗinsu. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Hotunan atamfa goma a shafi guda sun doshi megabait 40 ke nan. Mai saye zai ga abu yana ta juyawa, ya gaji ya fita. Kafin ku ɗora hoto, ku buɗe Squoosh, shafin rage nauyin hoto, ku rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, nauyinsa ya sauko ƙasa da kilobait 200. A fuskar waya ido ba zai ga bambanci ba. Bidiyo kuwa a sa shi a YouTube, a kawo mahaɗinsa.

Ku duba adireshinku ya fara da https. Tun 2018 Chrome ke sa wa shafin da ba shi da https alamar rashin tsaro, mutane kuwa suna tsorata. Let's Encrypt na ba da takardar tsaron da ke sa adireshi ya fara da https kyauta, ba ta wuce kwana 90, kuma masauki nagari yana sabunta ta da kansa. In gargaɗi ya cika fuska, yawanci sabuntawar ce ta tsaya. Ku tuntuɓi masaukin.

Maɓallin WhatsApp ma yakan ba da wahala a kan abu kaɗan. Ana rubuta wa.me/ sai 234, sai lambar ba tare da sifilin farko ba, babu tazara, babu alamar tarawa. A Nijar 227 ne.

Aikin aji

Kowa ya zauna da na kusa da shi. Ku kashe wayfai, ku buɗe shafin ɗayanku da data, ku ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin hoton farko ya fito. Ku danna maɓallin WhatsApp ku ga ko ya kai ku lambar da ta dace. Sannan kowa ya rubuta a littafinsa ranar da sunan shafinsa zai ƙare, da imel ɗin da ke kan rajistar. Wanda bai san amsar ba, ya tambayi wanda ya gina masa, ya zo da ita mako mai zuwa.