Yadda ake tsara hanyar tafiya da keke a kwarin kogi

Wanda ya buɗe taswira ya ga kogi yana ratsa ƙauyuka da gonaki, abin da ke fara zo masa a rai shi ne hanyar da ke gefen ruwan shimfiɗaɗɗiya ce, tunda ruwa ba ya hawa tudu. Ruwa kam ba ya hawa, amma hanya tana hawa. Duk inda dutse ya matso har bakin gaɓa, ko fadama ta hana a zuba kwalta, masu gina hanya sukan karkatar da ita ta hau gefen kwarin sannan ta sake gangarowa, kuma a irin waɗannan wurare ne ƙarfin mai keke ke ƙarewa tun rana ba ta yi tsaka ba. Saboda haka tsara wannan tafiya yana farawa ne da karanta kwarin kansa, wato gadojinsa da tuddansa da iskarsa, kafin a kai ga batun keken.

Matakin farko shi ne ka yanke nisan tafiyar da siffarta. Mai keken kwalta da ya ɗan saba yakan ci kimanin kilomita 20 a awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, don haka kilomita 60 aikin awa uku ne a kan sirdi, ban da hutu da tsayuwar duba hanya. Tafiyar kuwa tana iya zama ta zuwa da dawowa a gaɓa ɗaya, ko ta zagaye, inda za ka bi wannan gaɓa ka ƙetare ka dawo ta waccan, ko kuma ta miƙewa gaba ɗaya ka koma a jirgin ƙasa ko mota. A ganina ta zagaye ta fi daɗi, domin kwari ɗaya yakan nuna fuska biyu dabam idan an kalle shi daga gaɓoɓinsa biyu, sai dai ita ce ta fi neman lissafi.

Lissafin nan na gadoji ne, kuma shi ne mataki na biyu. Ka nemo kowace gada a taswira ka auna tazarar da ke tsakaninta da ta gaba, domin gadojin ne ke yanke maka tsawon zagayen, ko kana so ko ba ka so. Idan gada ta biyu tana kilomita 15 daga ta farko, zagayenka kilomita 30 ne. Idan ka wuce ta da niyyar ƙetarewa a gaba, mai yiwuwa ne ka ƙara wa kanka tafiyar rabin yini. Kwarin Wachau na ƙasar Ostiriya misali ne mai kyau: tsakanin Melk da Mautern, wajen kilomita 35 a kan kogin Danube, babu gada ko ɗaya, sai jiragen fito a garuruwa irin su Spitz da Weissenkirchen. Jirgin fito kuwa yana da lokacin tashi daga aiki, wasu ma ba sa aiki a lokacin sanyi, don haka idan tsarinka ya dogara da shi, ka tabbatar da lokutansa tun kana gida. Ka kuma bincika ko an yarda keke ya hau gadar da ka zaɓa, domin wasu gadojin na manyan titunan mota ne kawai.

Mataki na uku, wanda ya fi cancantar a zauna a kansa, shi ne karanta hawa da gangara. A taswirar da ke nuna tsayin ƙasa za ka ga siraran layuka suna bin gefen tuddai, kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda layukan suka yi nesa da juna ƙasa a kwance take, inda suka cunkushe kuwa hawan yana da tsanani. Idan suka zo ƙetare rafi sukan lanƙwashe kamar kan mashi, tsinin yana nuna inda ruwan ya fito, kuma da wannan kaɗai za ka gane inda kwari ya nufa ko da ba a zana kibiya ba. Hanyar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da layukan mai sauƙi ce. Wadda ke yanka su ɗaya bayan ɗaya ita ce mai fitar da gumi.

Ana auna tsananin hawa da kashi cikin ɗari. Kashi 5 na nufin hanya ta ɗaga mita 5 a cikin kowane mita 100, wanda mai matsakaicin ƙarfi zai iya ɗauka na tsawon lokaci idan giyarsa ta dace. Kashi 8 na tsawon kilomita 2 hawan mita 160 ne, kuma a nan ne numfashi ke fara sauyawa. Daga kashi 10 zuwa sama, da yawa sukan miƙe tsaye a kan feda ko su sauka su tura, kuma babu abin kunya a turawar. Manhajoji irin su Komoot da Strava da Ride with GPS suna zana maka hoton hawa da gangarar hanyar duka tare da jimillar mitocin da za ka hau, kuma wannan jimillar ta fi yawan kilomita faɗin gaskiyar wahalar da ke gabanka. Kogin da kansa ba ya sauka da yawa: daga Passau ta Jamus zuwa Vienna, tafiyar kimanin kilomita 320, Danube bai gangara ko mita 200 ba. Abin da ke tara hawa shi ne ƙoramu da ƙananan rafuka da ke shigowa daga gefe, domin kowannensu ya haƙa nasa ɗan kwarin, kuma hanyar da ke bin gefen tudu dole ta faɗa cikinsa ta sake fitowa. Goma daga cikinsu, kowanne da hawan mita 30, sun zama mita 300 da ba ka yi shirinsu ba.

Daga nan sai mataki na huɗu, wato iska, wadda mutane suka fi mantawa da ita alhali ita ce ke iya mayar da shimfiɗaɗɗiyar hanya tamkar hawan dutse. A kwarin da tuddai suka rufa ta gefe biyu, a ranar da gari ya yi garau, iska tana da ɗabi'a sananniya. Da rana, idan gefen tuddai ya ɗauki zafi, iskar ɗumi takan tashi sama, sai ta jawo iska daga ƙasan kwarin ta nufi wajen mafarin kogi. Da dare kuwa iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, takan gangaro ta bi ruwa, kuma takan kai har sanyin safiya. Ma'anar wannan ga mai zuwa da dawowa ita ce ya fita da sassafe ya bi inda ruwa ya nufa, sannan ya juyo da rana ya haura, ta yadda iska za ta kasance a bayansa duka biyun. Wannan ya saɓa wa abin da hankali ke fara bayarwa, wato a fara da hawa a ƙare da gangara, amma a kwarin da gangararsa ba ta taka kara ta karya ba, iska ta fi gangara tasiri nesa ba kusa ba. A faffaɗan kwari kuwa iskar yankin ce ke mulki, shi ya sa mafi yawan masu bin Danube suke tasowa daga yamma su nufi gabas. Ka duba hasashen yanayi a daren tafiya, ka lura da inda iska za ta fito, kada ka tsaya ga batun ruwan sama kawai.

Fitar sassafe tana da nata sharaɗin. Iskar sanyin nan da ke taruwa a ƙasan kwari ita ce ke kwantar da hazo a kan ruwa, har direba ba ya ganin mai keke sai ya zo dab da shi. Ka kunna fitilar baya mai jan haske, ka sa riga mai ɗaukar ido, ko kuma ka dakata rana ta ɗan ɗaga.

Mataki na biyar shi ne zaɓen hanyar kanta. Kwarin kogi ne ke ɗaukar babban titi da layin dogo, domin nan ne ya fi sauƙin gini, saboda haka sau da yawa gaɓa ɗaya cike take da manyan motoci yayin da ɗayar ke da 'yar siririyar kwalta da ke haɗa ƙauyuka. Ita za ka nema, ko da ta ƙara maka kilomita biyar. A wasu kogunan ana bin saman shingen da aka gina don tare ambaliya, kamar yadda yake a sassa da dama na hanyar keke ta kogin Loire a Faransa, mai tsawon kimanin kilomita 900; irin wannan hanya a miƙe take, amma inuwa ta yi ƙaranci kuma babu abin da zai kāre ka daga iska. Ka duba hoton tauraron ɗan'adam don ka ga ko kwalta ce ko tsakuwa, domin manhaja takan nuna layi ɗaya lafiyayye alhali rabinsa burji ne.

Ka kuma tambayi halin da kogin ke ciki. Hanyar da ta fi kusa da ruwa ita ce ta farko da ambaliya ke shanyewa, kuma bayan ruwa ya janye yakan bar laka da yashi a kan kwalta, masu santsi ƙwarai ga siririyar taya. Ga kowane yanki da ke ƙasa-ƙasa, ka tanadi wata hanyar da ke sama da shi. Idan ka tarar ruwa yana gudu a kan hanya, ka juya, domin ba ka san abin da ya ci a ƙarƙashinsa ba.

Shirin keke ba ya buƙatar dogon bayani. Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi dacewa da kwaltar karkara mai faci da ramuka fiye da mai 23, kuma ba a cika mata iska har ta yi tauri kamar dutse. Giyar gaba mai haƙori 34 da ta baya mai 32 sun isa su fitar da kai daga yawancin hawa. Ka gwada birki biyun, ka sa wa sarƙa mai, ka ɗauki tub guda biyu da famfo da faci da sholisho da ƙananan sifanu. Ruwan sha kuwa ka lissafa gora ɗaya ta rabin lita zuwa sama a kowace awa, ka kuma sa alama a taswira inda za ka iya ƙarawa, domin a karkara tazarar da ke tsakanin ƙauyuka takan yi tsawo. Ka sauke taswirar cikin waya tun kana gida, saboda sabis yakan ɗauke a tsakanin tuddai, ka kuma gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ake sa ran dawowarka.

A ranar tafiya, ka sa hular kwano ka fara a hankali, kada awar farko ta cinye ƙarfin ta uku. Ka sauya giya tun kafin hawa ya kama ka, ƙafa tana juyawa sau 80 zuwa 90 a minti, maimakon ka tsaya danna feda da ƙarfin tsiya. Gangarowa zuwa rafi ita ce wurin da ya fi neman natsuwa, domin a ƙasanta ne kwana mai kaifi da ƙunƙuntar gada da yashin da ruwa ya kwaso suke haɗuwa wuri guda. Ka rage gudu tun kana miƙe, kafin ka shiga kwanar, kana matsa birki biyun tare a hankali. Na gaba ne ya fi tsayar da keke, amma idan ka fizge shi a kan yashi taya za ta zame. A bakin gonaki ka sa ran ganin tarakta ta fito ba zato, da taɓon da tayoyinta suka zubar, da dabbobi suna tsallaka hanya, waɗanda ake rage musu gudu a ba su fili.

Idan ka isa gadar da ka tsara juyawa a kanta, ka dubi agogo da ruwan da ya rage a gorarka kafin ka ƙetare. In rabin lokacin da ka ware ya wuce, ko iska za ta riƙa bugun fuskarka a hanyar komawa, ka koma ta gaɓar da ka riga ka sani, ka bar ɗayar zuwa wata fitar.