Idan Aka Gayyace Ka Farautar Akwati a Gidan Zu Cikin Hunturu

Hunturun farko a arewacin Amurka yana kulle baƙo a ɗaki. A Shikago, cikin Disamba, rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ka tashi aiki duhu ya riga ya yi, Asabar ta zo ka ce bari ka huta, kafin ka ankara ka yi wata biyu ba ka yi hira da kowa ba sai ta WhatsApp. A irin wannan lokacin ne abokin aiki ko ɗan ajinku zai ce za su gidan zu ranar Asabar neman akwati, ko za ka zo? Yawancin 'yan'uwanmu dariya suke yi, su ce Allah ya ba da sa'a. Shawarata ka amsa, ka je. Mutanen nan ba kasafai suke gayyatar baƙo gidajensu ba, a irin wannan fita ake sabawa da su, kuma wanda ya ƙi sau biyu ba a cika sake tuntuɓarsa ba.

Wasan sunansa letabokisin. Wani zai samo ƙaramin akwatin roba wanda ruwa ba ya shiga, ya sa hatimin da ya sassaƙa da hannunsa tare da ɗan littafi, ya ɓoye a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, sannan ya rubuta kwatance ya sa a intanet. Kai kuma ka zo da naka hatimin, da littafinka, da soson tawada. In ka gano akwatin, ka buga hatiminka a littafinsa, ka buga nasa a littafinka, ka mayar da komai yadda ka tarar. Ba kuɗi a ciki, ba kyauta, ba caca. Hatimin cikin akwatin ba a ɗauke shi, wannan ita ce babbar doka. Akwai wani wasa ɗan'uwansa da aka fara a 2000, wanda ake bin lambobin GPS kuma ake musayar 'yan tarkace a cikin akwati; masu rikita su biyun ne suke tafiya da hatimin mutane su bar ɗan tsana a madadinsa, su ɓata wa mai shi aikin kwanaki.

Asalin abin daga Ingila ne, a tsaunukan Dartmoor da ke yankin Devon. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a wata fadama mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, don duk wanda ya kai can ya jefa katin sunansa. Daga baya masu zuwa suka riƙa barin wasiƙa mai adireshi, wanda ya biyo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Amurkawa ba su kama abin sosai ba sai da mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a Afrilun 1998. Yau yawancin kwatancensu suna shafukan Atlas Quest da Letterboxing North America. Ɗalibanmu da ke Exeter ko Plymouth, Dartmoor na kusa da ku, amma ba wurin koyo ba ne cikin hunturu: hazo na rufewa farat ɗaya, ƙasa na nutsewa da ƙafa, sojoji kuma suna atisayen harbi a arewacinsa.

Kwatancen ba zai ba Bahaushe wahala ba, irin namu ne na gida: in ka wuce kuka ka yi hannun dama, gida na uku mai dakali. Nasu zai ce, misali, ka tsaya a bakin gada ka juya wa tafki baya, ka yi taku talatin zuwa bishiya mai rassa biyu, ka duba bayan dutsen da ke gindinta. Wasu sukan nannaɗe shi cikin kacici-kacici, wasu sai da kamfas. Buga shi a takarda kafin ka fito, domin sanyi na cinye batirin waya da sauri.

Hatimi ana iya saye a shago, amma na hannu ya fi daraja a wurinsu. Nemi farar kilina babba, ko robar sassaƙa a shagon kayan zane. Zana abin da kake so a takarda da fensir mai duhu, kifa takardar a kan robar, ka murza bayanta da farce. Zanen zai koma kan robar a juye, kuma haka ake so, don haruffan da aka sassaƙa daidai baibai suke fitowa a takarda. Sai ka bi da 'yar wuƙa mai tsini kana kwashe duk inda ba zane, kana juya robar maimakon hannunka. Wanda ba ya son zanen mai rai, ga buta, ga bishiyar dabino, ga dagin arewa. Dagi yana da wuya a inda layukan suka sarƙe, amma in ya fito, duk wanda ya gani sai ya tambayi ma'anarsa, hira ta samu ke nan. Kowa yana da laƙabin da yake sa hannu da shi. Zaɓi naka, kada ka rubuta sunanka na gaskiya ko lambar waya a littafin da baƙi za su buɗe.

To me ya kai su gidan zu? Ana share hanyoyinsa daga dusar ƙanƙara, akwai ban-ɗaki, akwai ɗakuna masu ɗumi, jama'a kuma ba yawa. Lincoln Park Zoo na Shikago, wanda aka kafa a 1868, kyauta ake shiga. Wurin ajiye mota ne mai tsada, don haka hau bas mai lamba 151, tana bi ta gefensa. Na garin Saint Louis da Como Park na Saint Paul su ma kyauta ne, na Washington kuma kyauta ne amma sai ka yanki takardar shiga ta intanet. Ba kowane gidan zu ne yake yarda a ɓoye abu a cikinsa ba, shi ya sa sau da yawa akwatunan suna cikin lambun da ke kewaye, ko kuma masu shirya fitar su zo da nasu na yini ɗaya su kwashe da yamma.

Dabbobin ma wani kallo ne daban. Birran Japan masu jan fuska da farar dabbar nan ta ƙanƙara da suke kira polar bear sun fi kuzari a lokacin, zakuna suna kwance a kan duwatsun da aka sa wa ɗumi ta ƙasa. Raƙumin dawa kuwa yana cikin ɗaki. Mutumin Nijar da ya taɓa ganinsu a Kure suna yawo cikin gonakin gero, in ya gan shi tsaye ƙarƙashin rufi sai tausayi ya kama shi.

Batun sanyi, kada ka yi jarumta. Ma'auninsu daban ne: 32 nasu shi ne sifiri namu, 14 kuwa goma ƙasa da sifiri, kuma iskar da ke tasowa daga tafkin Michigan tana ƙara masa kaifi. Sa tufafi hawa-hawa, na jikinka kada ya zama auduga, don tana riƙe gumi ta huce a jiki. Safar ulu, takalmi mai tsagar ƙasa, hula mai rufe kunne. 'Yar'uwa, hijabi ba ya tare iska, ki sa hular ulu a ƙarƙashinsa, doguwar rigar kuma kada ta riƙa sharar ƙasa, in bakinta ya jiƙe daskarewa yake yi. Safar hannu biyu ta fi: siririya a ciki, mai kauri a waje, saboda ba a buɗe akwati da mai kaurin. Biro na ƙin rubutu a sanyi, riƙe fensir. Soson tawada kuma a aljihun ciki, kusa da jiki.

Dusar ƙanƙara tana tona asiri. In mutum shida suka bar hanya suka nufi bishiya ɗaya suka dawo, sawunsu ya nuna wa kowa maɓoyar. Don haka mutum ɗaya ke zuwa ya ɗauko, ya ɗan zagaya wasu bishiyoyin don sawun ya rikice. Ba a buɗewa a nan. Ana zuwa benci ko a shiga ɗaki mai ɗumi, a karkaɗe dusar daga murfin tukuna, domin 'yar kaɗan in ta faɗa ciki ta narke, littafin ya lalace. Murfin roba yana tsagewa a sanyi, bi shi a hankali. In akwatin ya manne da ƙanƙara ya ƙi fitowa, bar shi sai bazara. Bayan an buga hatimi a jira tawada ta bushe kafin a rufe shafi, a mayar da littafin cikin ledarsa, a zuge bakinta har ƙarshe.

Akwai abin da abokanka farare ba lallai su tuna su gaya maka ba. Baƙin mutum shi kaɗai yana laluben gindin shinge a wurin jama'a, wani zai iya kiran 'yan sanda. An sha kiran masu kwance bam a kan irin waɗannan akwatuna. Ka tsaya cikin ayari, takardar kwatance a hannu, in ma'aikaci ya tambaya ka nuna masa ka faɗi gaskiya. Kada ka tsallake shinge ko igiya komai abin da kwatance ya ce. Ɓoye naka akwatin kuwa, bari sai ka saba, kuma sai da izinin masu wurin. A gandayen shaƙatawa na gwamnatin tarayya ma, waɗanda suke kira National Parks, galibi ba a yarda ba.

Lokutan salla a matse suke: azahar na shiga wajen sha biyu, la'asar wajen biyu, magariba bayan huɗu kaɗan. Yi alwala a gida. In lokaci ya yi ka ce musu za ka yi salla minti biyar, su ci gaba ka same su. Ba su ɗaukar wannan komai ba. Abin da suke ɗauka da zafi shi ne makara, don tsayuwar jiran mutum a bakin ƙofa cikin wannan iska ba wasa ba ce.

An gama, za a nufi wurin shan abu mai zafi, a baje littattafai a tebur ana kallon hatiman juna. Kada ka zame a nan, a teburin ake sa ranar fita ta gaba. Kowa shi ke biyan nasa, ba rowa ba ce, al'ada ce, in ka dage sai ka biya wa kowa za su takura. In ka sayi koko mai zafi, ce kada a ɗora maka farar alewar nan mai laushi da suke kira marshmallow, yawancinta da sinadarin alade ake yi. A dararen Disamba da ake ƙawata gidan zu da fitilu kuma, wasu rumfunan suna zuba giya a abin sha mai zafi, ka tambaya kafin ka karɓa.